Zaiba a iska: Dalilin da ya sa ya kamata a kafa ma'auni a Kende

A kan tsaunin Chacaltaya na ƙasar Bolibiya, mai tsawon sama da mita 5,000, akwai tashar da ta auna zaibar da ke yawo a sararin sama. Akwai irinta a Waliguan ta China, da Cape Point ta Afirka ta Kudu wadda ke wannan aiki tun 1995. Ana zaɓen wurare masu nisa da masana'antu domin abin da aka samu a can, iska ce ta kawo shi daga nesa. Yammacin Afirka, inda dubban mutane ke ƙona zaiba kullum, ba ta da isassun tasoshi irin waɗannan.

Zaiba ita ce farin ƙarfen nan mai kwarara kamar ruwa, wanda masu haƙar zinare ke cuɗawa da niƙaƙƙen dutse ya kama zinaren. Daga nan sai a ɗora curin a wuta, zaibar ta tashi, zinaren ya rage. Tururin ba shi da launi, ba shi da wari, kuma yana iya yin watanni a sama kafin ya sauka. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta cewa ƙananan masu haƙar zinare ne ke fitar da kusan kashi 38 cikin 100 na zaibar da ɗan Adam ke saki a iska, fiye da ƙona kwal.

A nan ne Kende, a Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, ta shigo lissafi. Ramukan zinaren Yawuri suna ƙasa da Bagudo a bin Kogin Neja, don haka ruwa ba zai hauro da gubarsu ba. Iska kuwa ba ruwanta da gangare. Ta hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, wato daga ɓangaren Anka da Bukkuyum na Zamfara, ta nufi iyakar Benin. Da damina sai ta juyo daga kudu maso yamma. Ma'auni ɗaya a wannan yanki zai nuna bambancin lokutan biyu, ya ba da alamar inda gubar ke fitowa.

Abin tsoron yana cikin ruwa. Idan zaiba ta sauka a fadama, ƙananan halittu kan mayar da ita wani nau'i da ke taruwa a jikin kifi, musamman manyan da ke cin ƙanana kamar giwan ruwa. Ta fi yi wa ƙwaƙwalwar ɗan tayi illa, kuma dahuwa ko banda ba sa cire ta.

Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Minamata kan zaiba a 2018, amma har yanzu hankalin hukumomi ya fi karkata ga gubar dalma, wadda ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. Dalma ta kashe a idon jama'a; zaiba tana ɓarna a hankali, shi ya sa ba ta da mai kuka dominta.

Tsada ma ba hujja ba ce. Akwai ƙananan ma'aunai da ba sa buƙatar lantarki, ana rataye su na 'yan watanni sannan a kai ɗakin gwaji. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da hukumar NESREA za su iya fara wannan da rufin makarantar firamare guda a Kende.