Ra'ayinmu: Arthur Ashe ya samu fili da malami, yaran Salaga, Yendi da Bawku fa?

In ka shiga majalisar matasa a zango ka ambaci ƙwallon tanis, dariya za a yi maka. Wasan masu kuɗi ne, in ji su, wasan 'yan Accra masu farin gajeren wando. Ba mu ga laifinsu ba, don abin da ido ya saba gani ke nan. Amma akwai mutum guda da tarihinsa ya ƙaryata wannan magana, kuma ya taka ƙasar nan da ƙafarsa.

Arthur Ashe baƙar fata ne ɗan Amurka, an haife shi a 1943 a birnin Richmond na jihar Bajiniya, lokacin da doka ta raba fari da baƙi a makaranta da mota da filin wasa. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara shida. Mahaifinsa mai gadin wani filin wasa ne da aka ware wa baƙaƙe, ana ce da shi Brook Field, gidansu kuma a cikin filin yake. Wato yaro ya buɗe ƙofa da safe, ga filin tanis a gabansa. Wani ɗalibi mai suna Ron Charity ya ga yana leƙe, ya koya masa riƙon raket. Daga nan aka miƙa shi ga wani likita, Dakta Robert Walter Johnson na garin Lynchburg, wanda ya gina fili a harabar gidansa yana tara yaran baƙaƙe lokacin hutu. Shi ne kuma ya tallafa wa Althea Gibson tun kafin Ashe.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Ya zama baƙar fata na farko da aka zaɓa cikin tawagar Amurka ta kofin Davis a 1963. Ya ci gasar Amurka a 1968 yana laftanar na soja, kuma da yake a lokacin bai zama ɗan wasan kuɗi ba, dala 14,000 na kyautar sai aka ba Tom Okker, mutumin da ya kayar. Ya ci ta Ostareliya a 1970, sannan Wimbledon a 1975, inda ya doke Jimmy Connors alhali kusan kowa ya ba Connors wasan tun ba a fara ba. Har yau babu wani namiji baƙar fata da ya sake cin Wimbledon shi kaɗai. Ciwon zuciya ya sa ya ajiye raket a 1980, ya rasu a Fabrairun 1993 yana da shekara 49, sanadin cutar ƙanjamau da ya ɗauka ta ƙarin jini a asibiti.

Afirka ba baƙuwarsa ba ce. A 1970 ya zagaya ƙasashe shi da Stan Smith suna koya wa yara wasa, har da Najeriya da Ghana. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta yi ta hana shi biza, ya yi ta nema har aka ba shi a 1973. Dattawanmu da ke tuna ranar da aka kashe Janar Murtala Muhammad, Juma'a 13 ga Fabrairun 1976, wataƙila ba su san Ashe yana Legas a ranar ba, ya zo gasa. Kwana uku bayan haka yana tsakiyar wasa sojoji suka shigo da bindiga suka kore su daga fili.

Sai dai labarin da ya fi damunmu shi ne na Yawunde. A 1971 Ashe ya ga wani yaro ɗan shekara 11 a Kamaru yana buga ƙwallo, ya ba shi raket, ya kira wani babba a hukumar tanis ta Faransa ya ce a zo a ga yaron nan. Yaron shi ne Yannick Noah, wanda ya ci gasar Faransa a 1983. Mutane kan ce sa'a ce. To, mun yarda akwai rabo. Amma fa a filin tanis aka gan shi. Da babu fili a wurin, da Ashe ya wuce abinsa.

Yanzu mu dawo gida. Ghana ta karɓi Wasannin Afirka a Maris na 2024, aka gina katafaren wuri a Borteyman har da filayen tanis. Madalla. Yaron Salaga zai kwana a mota kafin ya gan su, na Bawku kuwa sai ya ratsa ƙasar daga wannan kai zuwa wancan. Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017 ya shimfiɗa filayen ƙwallon ƙafa na roba a wasu wurare, kuma ba mu raina ba. Daga Nima Mohammed Kudus ya fito, daga Tamale Mubarak Wakaso da Fatawu Issahaku. Amma ba kowane yaro aka yi don ƙwallon ƙafa ba, 'yan mata kuwa galibi kallo kawai suke yi daga bakin fili.

Mun san abin da za a ce: ana fama da ruwan sha da hanya, wa yake ta tanis? A Bawku ma dokar hana fita ta sha kulle mutane a ɗaka. Gaskiya ne. Amma wannan ɗin ne ya sa muke magana. Yaron da aka tashi makaranta da rana ba shi da inda zai je sai bakin tasha ko gindin masu tiramol, wani zai samo masa abin yi, kuma ba lalle mai alheri ba ne. Mutanen Yendi sun ga abin da zaman banza da gaba suka yi wa matasa daga 2002 har aka naɗa Ya-Na Abukari na Biyu a 2019. Kuma filin tanis ba filin jirgi ba ne. Tsawonsa bai kai mita 24 ba, faɗinsa kusan 11. Daɓe ne mai kyau da raga da waya, ga bango da yaro zai iya bugawa shi kaɗai. Daɓen nan guda zai ɗauki ƙwallon kwando da na raga. A Kano an shafe shekaru ana gasar Dala a kan irin wannan daɓe, cikin zafi da ƙurar hunturu irin namu.

Saboda haka muna kira ga majalisun Gonja ta Gabas da Yendi da Bawku, da 'yan majalisar dokokinmu da ke da kaso cikin asusun gundumomi: a yi fili ɗaya a babbar sakandaren kowane gari, a bar ƙofarsa a buɗe ga yaran gari, a ware wa 'yan mata ranakunsu, da suturar da iyayensu suka yarda da ita. Hukumar tanis ta ƙasa ta horar da malaman motsa jiki na makarantun nan, don fili ba malami shanyar gyaɗa za a mayar da shi. 'Yan uwanmu da ke Bronx da Hambog, in za a cika akwatin jirgin ruwa, a jefa tsofaffin raket da ƙwallaye a ciki. Sarakunan zango da limamai kuma su nemi a rubuta wannan cikin kasafin majalisa na shekara mai zuwa, da sunan makarantar da adadin kuɗin, yadda za mu iya zuwa mu duba mu kawo muku labari.