Ruwan Farko Ba Shi Ne Damina Ba

Ga bazara ta kama. Zafi ya hana barci, shamuwa ta sauko kan bishiyoyin gari, gawo ya soma zubar da ganye, idon kowa ya koma gabas. Ranar da hadari ya haɗu aka sami yayyafi, kafin gari ya waye sai a ga mutane sun fita da sungumi da ƙwaryar iri. Bayan kwana goma rana ta ƙone tsiron, a komo kasuwa neman wani iri da tsada. Wannan hasara ana yinta shekara da shekaru, alhali maganinta bai wuce gwangwani da rula da littafin rubutu ba.

Dalilin da ya sa ruwan farko ya kan yaudari manomi shi ne, hadarin bazara ba ya game ƙasa. Iskar damina daga kudu maso yamma take kawo laima daga teku, amma hadarin da kansa daga gabas ya kan taso, da guguwa da ƙura a gabansa, ya zubar da ruwansa a ɗan tsiri, ya wuce. Shi ya sa wani ƙauye ya kan kwana cikin ruwa, maƙwabcinsa mai nisan mil biyar ko ɗigo bai gani ba. Sa'an nan kuma ƙasa tana da zafi ƙwarai a lokacin nan. A jigawa, zafin rairayi da tsakar rana ya kan wuce digiri 50, tsiron gero kuwa ba shi da saiwar da za ta kai ga danshi. In rana ba ta kashe shi ba, iskar hadari na biyu ta kan binne shi da rairayi.

To, yaushe ne damina ta zauna? Masu binciken aikin gona na ICRISAT a Sadore, kusa da Yamai, sun duba lissafin ruwan shekaru masu yawa, a 1988 suka fitar da ƙa'ida mai sauƙi. Damina ta zauna in aka sami ruwa milimita 20 cikin kwana uku a jere, bayan shigar watan Mayu, kuma ba a yi kwana fiye da bakwai babu ruwa ba cikin kwana talatin da suka biyo baya. Milimita 20 bai cika inci guda ba, don inci milimita 25 ne. Rabin farko na ƙa'idar nan kowa yana iya auna shi a ƙofar gidansa. Rabi na biyu, watau ko rana za ta buɗe bayan shuka, nan ne rediyo da wayar hannu ke da amfani. Binciken ya kuma nuna cewa shekarar da damina ta zauna da wuri ta kan yi tsawo, wadda ta makara ta kan gajarta. Ashe ranar zaman damina ita za ta gaya wa manomi ko ya zuba dawa mai daɗewa, ko ya koma ga gero da wake masu saurin nuna.

Awon ba shi da wuya. A sami gwangwani wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, a kafa shi a kan turke a fili, nesa da bishiya da indararo. Kowace safiya a tsoma rula, a rubuta abin da aka gani da kwanan wata, a zubar da ruwan. Ranar da ba a yi ruwa ba ita ma a rubuta, domin ita ce ta fi muhimmanci. Wannan aiki ne da malamin makaranta, ko magatakardan dagaci, ko yaro ɗan firamare zai yi cikin minti biyu. A ƙasar Mali tun 1982 ma'aikatar awon yanayi ta soma raba wa manoma ma'aunin ruwa, su auna, su kwatanta da shawarar da ake ba su, kana su yi shuka. Abin da manomin Mali ya iya, na Katsina da na Damagaram ba za su kāsa ba.

Wani zai ce, ai ga hukuma, me zai sa talaka ya wahala? Gaskiya ne hukumar NiMet ta Nijeriya tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, akwai kuma cibiyar AGRHYMET a Yamai wadda aka kafa a 1974, bayan farin da ya halaka dabbobi da mutane a ƙasashen Sahel. Lalle a saurare su. Amma tashoshin awonsu suna nesa da juna, hasashensu na yanki ne, gona kuwa a ƙauye take. Wani kuma zai ce ruwa na Allah ne. Haka ne, babu mai musu. Amma awo ba duba ba ne. Wanda ya ƙidaya damman da ke rumbunsa bai yi shisshigi ba, haka wanda ya auna ruwan da aka riga aka ba shi.

Littafin nan kuma amfaninsa bai tsaya ga shuka ba. In ya nuna ƙasa ta sha ruwa kwana da kwanaki a watan Agusta, mai gona a fadama ya san lokacin kwashe kaya ya yi tun kafin kogi ya kawo. Mutanen Maiduguri ba za su manta da 10 ga Satumba 2024 ba, ranar da ruwan madatsar Alau ya mamaye gari, kamar yadda ya taɓa yi a 1994. Mai takin zamani ya san kada ya watsa a busasshiyar ƙasa, ko sa'ad da babban hadari ke tafe, don kuɗinsa za su bi ruwa. Ɗan kasuwa mai sayen hatsi, in ya ga littafin ƙauyuka uku ko huɗu, ya fi mai bin jita-jitar tasha sanin yadda kaka za ta kasance.

Zafi ma abin lura ne. Ran 3 ga Afrilu 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na Mali, ana cikin azumi, tsofaffi da yawa suka rasu a ƙasar cikin kwanakin nan. In rediyo ya yi gargaɗin irin wannan rana, a yi sharar gona da sassafe, a kai dabbobi inuwa, a ƙara wa kaji ruwa. In kuwa hadari ya riski mutum a gona, ya ƙidaya tsakanin walƙiya da tsawa: kowace daƙiƙa biyar mil guda ce. In tazarar tana raguwa, ya ajiye fartanya, ya nemi ɗaki. Gindin kuka ko tsamiya ba mafaka ba ne, nan aradu ta fi faɗawa.

Saboda haka dagatai da masu unguwanni da malaman gona su ɗauki wannan magana tun yanzu, kafin hadari ya soma. Kowane ƙauye ya kafa gwangwaninsa, ya naɗa mai rubutawa, a riƙa faɗin awon a dandali. Shekarar farko littafin zai tsare iri. In ya kai shekara goma, ya zama dukiyar gari, wadda 'ya'ya za su gāda tare da gonakin. Tun ran gini, ran zane.