Sankarar Jini Ba Laifin Uwa Ba Ce



A garuruwanmu na Ajingi da Gaya, da zarar likita ya ce yaro ko magidanci yana da sankarar jini, sai a fara neman mai laifi. Wasu su ce sammu ne, wasu su ce daga dangin uwa aka kwaso. A ganina wannan zalunci ne, kuma ilimi ya ƙaryata shi.

Dakta Janet Rowley ta kasance likita a Jami'ar Chicago ta Amurka, kuma uwar 'ya'ya huɗu. Ta yi shekaru tana duban zaren halitta, wato ƙananan zarurruka 46 da ke cikin ƙwayar jikin ɗan Adam, masu ɗauke da tsarin halittarsa. A 1973 ta nuna cewa a wani nau'in sankarar jini, zare na 9 da na 22 ne ke tsinkewa su yi musayar guntaye. Wannan canji yana faruwa ne a cikin ɓargon mutum bayan an haife shi. Bai gada ba, ba zai kuma gadar wa 'ya'yansa ba. Yawancin sankarar jini haka take. Ta bambanta da sikila, wadda sai uwa da uba sun haɗu suke ba yaro.

Sanin tushen cutar ne ya kai ga maganin Glivec a 2001. Masu wannan nau'i da yawa suna shan ƙwayar kullum, suna noma da kasuwancinsu.

A nan gida ma, Farfesa Alan Fleming ya yi shekaru a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yana nazarin jinin masu juna biyu. Aikinsa ya nuna cewa rigakafin zazzaɓin sauro da ƙwayoyin ƙarin jini suna kare mai ciki daga ƙarancin jini.

Don haka 'yar'uwa, kada ki guji ɗibar jini ranar awo. Idan kika ga zazzaɓin da ya ƙi jin magani, ko ɗashewar ido da tafin hannu, ko yawan haɓo da jinin dasashi, ko kaluluwa da kumburin saifa, a tafi asibiti da wuri. In abin ya fi ƙarfinsu, za su turo ku asibitin koyarwa a Kano.

Maigida, kuɗin mota da rakiya naka ne. Surukai, a daina gori.

Allah Ya sauke ku lafiya.