Sola a Kan Rufin Nima: Wa Za Ta Amfana?

Duk wanda ya zauna a Nima ko Maamobi tsakanin 2014 da 2016 ya san abin da ake kira dumsor, lokacin da wuta kan ɗauke yini guda, tela ya naɗe hannu, mai ƙanƙara ta zubar da jarinta. Ga kuɗin wutar ECG da hukumar PURC ke yawan ƙarawa. Shi ya sa 'yan uwa da dama ke tambaya ko lokacin sa sola ya yi.

Farantin sola ba shi ne matsala ba. Ya yi araha, kuma yakan kai shekara 25 yana aiki, in dai ana share masa ƙurar hunturu. Batir ne ke cin kuɗi. Mai ruwa, a zafin Accra, da wuya ya wuce shekara uku. Na lithium yana daɗewa, amma da dala ake shigo da shi, kuma kowa ya ga yadda sidi ya faɗi a 2022. Ko shirin da Hukumar Makamashi ta ƙaddamar na ba gidaje faranti kyauta har wat 500, sai mutum ya fara sayen batir da inbata da kansa. Masu hali suka mora.

Sai babbar tambaya a Zango: rufin na wane ne? Yawancinmu 'yan haya ne a gidan tsakar gida ɗaya, wani wurin ma mita ɗaya, ana rigimar wa ke da firiji, wa ke da dutsen guga. Wanda ya biya hayar shekara biyu bai san ko zai kai ta uku ba, ina zai kafa abin da sai bayan shekaru zai mayar da kuɗinsa? Ga kwanon da ya yi tsatsa, ba lallai ya ɗauki nauyi ba. Ɗan haya ya tsaya ga ƙaramar sola ta fitila, fanka da cajin waya, wadda zai tashi da ita.

Ribar tana wurin masu amfani da wuta da rana: shago, Islamiyya, da masallacin da fankokinsa ke aiki a Azahar da La'asar da Juma'a. Su ƙaramin batir ya ishe su. Kwamitin masallaci ya tattara rasit ɗin wuta na shekara guda, ya kwatanta da farashin mai haɗawa, kafin ya buɗe asusu. Kuɗin kuma a tara ta adashi ko gudummawar jama'a, domin bashin banki, ban da haramcin riba, ruwansa kaɗai zai cinye abin da aka rage.