Littafin hotuna ba wasan banza ba ne

Ƴan uwa manoma da makiyaya na Abala, da Sanam, da Filinge, da duk ƙasar Kurfai, maza da mata, ku da kuka sha wahalar baƙi da wasali har kuka iya karatu, yau da ku muke magana.

Kun iya karanta takardar likita. Kun iya rubuta bashin da kuke bi a kasuwa. Madalla. To, ga tambaya guda. A cikinku wa ya taɓa ɗaukar ɗansa mai shekara 3, ya aza shi bisa cinya, ya buɗe masa littafi mai hotuna? Kaɗan ne ƙwarai. In an kawo wannan magana a dandali, amsa uku ake ji. Duka ukun ba mu yarda da su ba.

Amsa ta farko: wai yaro ƙarami bai san kome ba, a bari sai ya shiga lakwal.

Wannan kuskure ne babba. Likitocin yara sun tabbatar cewa ƙwaƙwalwar mutum ta fi saurin girma kafin ya cika shekara 5. Lakwal kuwa sai yaro ya kai shekara 6 ko 7 take karɓarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kuma wace lakwal za ku jira? Kun san halin ƙasarmu. A 2012 ƴan gudun hijira na Mali suka sauka a sansanin Abala. A watan Disamba na 2019 aka kashe jami'an tsaro 14 a yankin Sanam. A 2023 makarantu ɗaruruwa ne suke rufe a jahar Tilaberi saboda rashin tsaro. Akwai yaran da aka tashe su cikin dare, aka ɗaure kaya, aka bar gari. Yaro ba ya faɗin abin da ya gani, amma yana ajiye shi a zuciya. Irin wannan yaro yana bukatar wanda zai zauna da shi yau, ba baɗi ba.

Amsa ta biyu: wai uba ba ya zama da yaro, sangarta shi zai yi. Kuma wai da kunya.

Mun san kunya. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, uba ba ya wasa da shi gaban mutane. Ba mu ce ku yar da al'ada ba. Amma yaro ba ya ganin cikin zuciya. Abin da yake ji shi ne tsawa: tashi nan, rufe baki, dodo zai kama ka, kai ba ka iya kome ba. In ya sha jin haka, sai ya yarda. Ran da ya girma, ga shi gaban likita ko gaban hukuma, bakinsa ya mutu, sai wani ya yi magana a madadinsa.

Ku tambayi malamanku. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan a gaban mutane. Ya yi salla yana ɗauke da jikanyarsa Umama. Wa ya fi shi kunya? Wa ya fi shi tarbiyya?

Ga aikin da littafin hotuna yake yi. A shafi an zana yarinya ta fasa ƙwaryar nono tana kuka, a shafi na gaba uwarta ta rungume ta. Kai uba ka sa yatsa, ka ce: mi ya faru nan? Ka yi shiru, ka jira. Yaro zai ba da amsa. Ka ce masa madalla. Abu biyu ya koya a wannan zama. Ya koya cewa maganarsa tana da mai saurare. Ya koya cewa ko ya yi ɓarna, ba a fid da shi daga zuciya. Wannan yaro shi ne zai ɗaga hannu gaban mushe ba tare da kyarma ba. Ɗiya mace ma haka, kada a bar ta baya.

Amsa ta uku: wai kuɗin hatsi bai isa ba, balle na zane-zane.

Gaskiya ne, ciki shi ne gaba. Amma kada ku rena hoto. Tun ba ku san lamba ba, kuna gane takardar jikka da raƙuman da ke bayanta. Gani ya kori ji. Yaro ma da hoto yake fara karatu. In babu kuɗin saye, ku yi naku. Ku sami takarda 4, ku ninka, ku ɗinke tsakiya da zare da allura. A kowane shafi a zana abu guda: akuya, rijiya, uwa da goyo. A ƙarƙashi ku rubuta magana guda gajera da hannunku. Ba sai gwanin zane ba. Ajin yaƙi da jahilci ɗaya zai iya yin littafi 10, gidaje su riƙa musaya.

Yanzu bari mu juya ga masu kawo littattafai, domin su ma da laifinsu. Sau da yawa abin da ke zuwa ƙauye da Faransanci yake, da hoton ƙanƙara da gidan bene. Uwa ba ta iya karanta shi, yaro bai ga kansa a ciki ba. Sai ya ɗauka duniyar takarda ta wasu ce. Muna son littafin da yaron Kurfai zai ga rumbun gidansu, da rijiyar Dallol, da jar saniyar Azawak irin ta Tukunus, da kakarsa tana kaɗi. A yi shi da Hausa, da Zabarmanci, da Fillanci, da Tamajak, tun da duk ana jinsu a kasuwar Abala.

Kada a ce ba ya yiwuwa. Tun 1937 aka buga Magana Jari Ce na Abubakar Imam a Zariya, da Hausa, da zane a ciki. A 1963 Nijar ta kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A 2025 aka mai da Hausa harshen ƙasa. In harshe ya isa wannan matsayi, ya isa a yi wa ɗan shekara 3 littafi da shi. Ku faɗa wa malamin ajinku. Ku faɗa wa hukumar gari da ƙungiyoyin agaji. Yanzu kun iya rubutu, ku rubuta musu takarda, ku sa hannu.

Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi kuma kada a daina ta. Kaka ta yi tata da baki, ku ku yi taku da takarda.

To, ƴan uwa, karatun da kuka samu da girma, kada ya tsaya a aljihunku. Kai Malam, ke Malama, yau bayan magariba, in an ci tuwo, ku kira ƙaramin cikin gida. Minti 10 sun isa. Gobe shi da kansa zai kawo muku littafin.

Allah ya raya mana ɗiyanmu, ya ba ƙasarmu lafiya.