Zazzaɓin Akwatin Wuta

A wannan wata maganarmu da masu injin niƙa ce, da masu gidan ƙanƙara, da shugabannin kasuwanni.

Sau da yawa gobarar lantarki daga noti guda take farawa. Idan ya saki a inda waya ta haɗu da makunni, sai wuta ta riƙa wucewa da ƙyar, wurin yana ɗaukar zafi. Akan yi watanni a haka, fis bai tsinke ba, domin wutar ba ta wuce kima ba.

To, akwai kyamara mai ganin zafi. Tana aiki ne da wani haske da ido ba ya gani, wanda William Herschel ya gano a Ingila a 1800. Da an haska akwatin, wurin da ke da zazzaɓi zai fito fili.

Sai dai a kula. A duba lokacin da injuna ke aiki, suna jan aƙalla kashi 40 cikin 100 na wutar da suka saba. Kyamarar ba ta gani ta cikin ƙarfe ko gilashi, dole a buɗe murfi, wannan kuwa aikin ƙwararre ne kaɗai. Zai kwatanta layukan nan uku. In suna ɗauke da nauyi ɗaya amma wani ya ɗara 'yan'uwansa da fiye da digiri 15, gyara ba ya jiran gobe.

Wanda bai iya saye ba, a haɗa kuɗi a ɗauko mai ita ko sau ɗaya a shekara. Rigakafi ya fi magani.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.