Daura: Rana kyauta ce, batir ne da tsada

A ƙasar Daura, daga cikin birni har zuwa Mai'aduwa da Zango da Sandamu da Baure, farantan sola na ƙara bayyana a kan rufin gidaje da shaguna da masallatai.

Tun bayan da shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Tayar da janareta ya gagari masu ƙaramin ƙarfi.

A watan Oktoban 2024 kuma, akasarin jihohin arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna. Yankin kamfanin KEDCO, wato Kano da Katsina da Jigawa, na cikin waɗanda abin ya shafa.

Manyan ayyukan da aka yi alƙawari ma sun yi tafiyar hawainiya. A 2016 aka ƙulla yarjejeniya da kamfanoni 14 don gina tashoshin sola, har da mai megawat 75 a Kankiya, amma shekaru suka shuɗe ba a ga wutar ba. Shi ya sa kowa ya koma neman mafita a kan rufinsa.

Inda tsadar take

Farashin farantan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 a duniya tsakanin 2010 da 2020. Cibiyar Ember ta ce Nijeriya ta shigo da farantai masu ƙarfin kimanin megawat 1,700 daga China cikin shekara guda zuwa Yunin 2025.

Sai dai faranti da rana yake aiki. Manomin rani da mai rijiyar burtsatse na iya jan ruwansu da rana tsaka, ba ruwansu da batir. Shi kuwa magidanci, da dare yake buƙatar fitila da fanka, musamman a bazara lokacin da zafi kan kai maki 40.

A nan zaɓi biyu ne a gabansa. Batir mai ruwa, na dalma, ya fi sauƙin kuɗi, amma ba a son a zuƙe fiye da rabin cajinsa, zafi na rage masa kwana, kuma sau da yawa ba ya wuce shekara biyu zuwa uku.

Batirin litiyam ya fi tsada a farko, amma ana iya amfani da kashi 80 na cajinsa ko fiye, kuma yakan jure caji sau dubbai. Idan aka yi lissafin shekaru, shi ne mai arha, ga wanda ke da kuɗin a dunƙule.

Matsalar dala

Kamfanin BloombergNEF ya ce farashin batirin litiyam ya sauka da kashi 20 cikin 100 a 2024. To amma da dala ake shigo da shi, kuma dalar da take kusan naira 460 a farkon 2023 ta haura naira 1,500 a 2024. Faɗuwar darajar naira ta cinye rangwamen gaba ɗaya kafin kaya su iso Daura.

Masu ƙaramin ƙarfi kan koma ga ƙananan na'urorin da ake biya kaɗan-kaɗan, masu ɗaukar fitilu da cajin waya. Irin waɗannan na cikin abin da shirin DARES, na dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince da shi a 2023, ke tallafa wa.

Abin tambaya a nan shi ne ko za a samar da bashi mai sauƙi na sayen batir, da ƙwararrun masu haɗawa, da sa ido kan jabun kaya. Idan babu waɗannan, wutar dare za ta ci gaba da zama ta masu hali.